Allurar da ta daina jin yaren inji: fashin baƙi kan mitar juyi ta tsofaffin motoci

Ran nan bayan la'asar wani dattijo Bahaushe, haifaffen Makka, ya shigo warsharmu da ke sana'iyyar Jidda, unguwar masu gyaran motoci, da wata jar mota ta Ingila, MGB ƙirar 1969, yana lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Mota tana tashi bugu ɗaya, inji yana sulo lafiya lau. Wata biyu da suka wuce ya cire kwantak ɗin cikin dalko (distiribita mai raba wa filogi wuta), wanda a nan ake kira balatin, ya sa ɗan modul na lantarki a gurbinsa, ya huta da goge-goge da saitin gibi. Ya fito ya ce, "Mu'allim, injin ya warke, amma allurar nan ta haukace." Na leƙa. Inji yana juyi kusan 800 a minti, allurar mitar juyi tana kan 2,000 tana karkarwa. Ya ɗan taka totur, ta yi tsalle ta wuce 5,000, sannan ta faɗi ƙasa warwas kamar an kashe mota.

Kafin ya zo wurinmu ya biya wurare biyu. A na farko an ce masa mitar ta mutu, ya sayi sabuwa a liƙa masa a kan dashbod. A na biyu an ce modul ɗin jabu ne, a mayar da kwantak. Na ce masa, "Baba, mitarka da ranta, modul ɗinka ma lafiyarsa ƙalau. Ba sa jin yaren juna ne kawai."

Mitar juyi ta lantarki ba ta ganin karanshaf, ba ta taɓa shi. Kunne ta kasa a jikin kwayil tana sauraron bugun wuta, daga nan take lissafa juyin inji. Wannan tsarin wuta na kwantak da kwayil Charles Kettering ne ya fito da shi a garin Dayton na Amurka, Cadillac ta fara sa shi a motocinta a 1910. Sunan kamfaninsa Delco, kuma daga nan kalmar dalko ta samo asali, wadda har yau ake kiran distiribita da ita a warshoshin Saudiyya ko da Lucas ko Bosch ne ya ƙera ta.

Kwayil naɗin waya biyu ne a kan ƙarfe ɗaya. Idan kwantak ya rufe, wutar batir takan bi naɗin farko ta sauka jikin mota, ƙarfen ya cika da maganaɗisu. Kwayil mai om 3 a kan bolt 12 yana jan kusan amfiya 4. Da ƙusumbin sandar dalko ya buɗe kwantak, sai hanya ta yanke farat ɗaya, maganaɗisun ya rushe, naɗi na biyu ya tofa wa filogi bolt dubu 15 zuwa dubu 25. A wannan ƙiftawar abu biyu ke faruwa a ɓangaren naɗin farko. Wutar da ke gudana cikin waya tana tsayawa cak. A ƙafar negatif ta kwayil kuma ƙarfin wuta yana zabura daga kusan sifili zuwa bolt 200 ko 300, ya ɗan yi rawa, kafin ya dawo ya zauna a 12. Masu ƙera mita sai suka rabu gida biyu: wasu suka yi mitar da ke jin tsayawar gudun wutar, wasu suka yi mai jin wannan zaburar. Duk rigimar da ke biyo bayan canja tsarin wuta daga wannan rabuwa take tasowa.

Lissafin bugun kuwa mai sauƙi ne. A inji mai zagaye huɗu kowace silinda tana samun tartsatsi sau ɗaya a juyi biyu na karanshaf. Saboda haka inji mai silinda 4 yana ba da bugu 2 a kowane juyi, mai 6 bugu 3, mai 8 bugu 4. MGB ɗin dattijon a juyi 3,000 tana bugu 6,000 a minti, wato 100 a sakan. Da gangan na ce sakan da minti. A ƙasar nan idan ka ce daƙiƙa, yaron shagon da ya taso a Jidda minti zai ji, wanda ya zo daga Kano ko Damagaram kuma sakan zai ji, kuma na taɓa ganin an yi rabin awa ana musu kan lissafi ɗaya saboda wannan kalmar.

A cikin mitar babu wani abu da ke ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ka ɗauka ƙwarya ce mai ɗan huji a gindi, da mutum riƙe da ludayi. Duk bugun da ya zo, ya zuba ludayi ɗaya na ruwa, ba ƙari ba ragi. Idan bugun ya yi sauri ruwa ya hau, idan ya lafa ruwa ya sauka. Ludayin shi ne ɗan da'irar tiransisto da kafasito da ke sakin wuta mai ƙayyadadden tsawo a kowane bugu, tsayin ruwan kuma shi ne inda allura ta tsaya, don allurar kanta wani siririn naɗin waya ne tsakanin maganaɗisu, da sifirin mai kama da gashi yana ja da ita baya. Wanda ya riƙe wannan hoton zai iya karanta kowace cutar mita daga rawar allurarta. Idan tana nuna ninki biyu, mai ludayi yana jin bugu biyu a inda ɗaya ne. Idan ta kwanta, ba ya jin komai. Idan kullum tana nuna fiye da gaskiya da kaɗan, ludayin ne ya canja girma, wato kafasito ya tsufa.

Akwai motocin da wannan zance bai shafe su ba sam, masu mitar da kebul ke juyawa kamar ta gudun mota. Corvette ta yi amfani da irin wannan har 1974, kebul ɗin daga jikin dalko yake fita. Idan modul kawai aka sa a cikin tsohon dalkon, ba abin da zai canja. Idan kuwa an sauya dalkon gaba ɗaya da wanda ba shi da bakin kebul, sai dai a nemo mai baki, ko a sa ɗan akwati mai moto da ke karɓar bugun lantarki yana juya kebul ɗin.

Mitar dattijon ta kamfanin Smiths ce na Ingila, kuma Smiths sun sauƙaƙa wa mai gyara: a ƙasan fuskar mitar akwai ƙananan haruffa. Idan sun fara da RVI, mai jin gudun wuta ce. Idan RVC ne, mai jin zaburar bolt ce. MGB ta yi amfani da RVI daga wajen 1964 har zuwa farkon shekarun 1970, sannan ta koma RVC. A RVI, farar wayar da ke kai wuta daga makulli zuwa kwayil sai ta ratsa ta mitar tukuna. A na farko-farko za ka gan ta a bayan gwangwanin ta yi zobe ɗaya cikin wani ɗan ƙarfe, a na baya kuma zoben yana ciki, farar waya ta shiga ta wani baki ta fita ta wani. Wannan zoben da wani naɗi a kusa da shi ƙaramar taransifoma ce. Duk lokacin da wutar cikin farar wayar ta canja da sauri, naɗin ya ji motsi ya taɓa mai ludayi.

An auna wannan kunnen ne da halin kwantak: amfiya 3 zuwa 4 su hau, su yanke tsaf, su koma sifili, ba kowa a layin sai kwayil. Modul na lantarki, ko mai aiki da maganaɗisu irin na Pertronix ne ko mai ido na haske irin na Lumenition, yana ɓata wannan tsafta ta hanyoyi da dama. Da farko shi ma yana cin wuta, kuma yawancin masu ɗaurawa daga ƙafar fozitif ta kwayil suke ɗebo masa, wato abincinsa ma ta cikin zoben yake wucewa, wutar ba ta ƙara komawa sifili sosai. Na biyu, tiransisto yana kunnawa da kashewa da kaifin da kwantak bai taɓa yi ba, har mitar ta ji kunnawar a matsayin bugu, ta ji kashewar ma a matsayin wani bugun. Na uku, sababbin modul masu wayo suna canja tsawon lokacin da suke cika kwayil gwargwadon gudun inji, wasu kuma suna datse wutar idan ta kai wani mizani, kowane lanƙwasa a cikin wannan kuwa motsi ne a kunnen RVI. Ƙara da cewa mai mota yakan haɗa da sabon kwayil mai ƙarancin om, wanda ke jan wutar da ta ninka wadda aka yi zoben dominta.

Abin da nake fara gwadawa ba ya cin ko riyal biyar. A cire jar wayar modul daga jikin kwayil, a jawo mata wuta ta daban daga layin makulli kafin ya shiga mita, ta yadda kwayil kaɗai zai riƙa sha ta cikin zoben. A motoci da yawa wannan kaɗai yakan kwantar da allura. Idan bai yi ba, a duba kwayil ɗin da abin awo, a tabbatar om 3 ne idan motar ba ta da rezistan rage wuta, ko kusan om ɗaya da rabi idan tana da shi. Daga nan sai buɗe mita, a canja tsohon kafasiton da ke ƙayyade girman ludayi, a rage kaifin kunnen ta hanyar rage naɗin zobe idan ya fi ɗaya. A motar dattijon mun yi na farko, allura ta natsu a sulo, amma da an wuce 3,500 sai ta koma gidan jiya.

A nan ne nake saɓa wa masu son a bar komai yadda ya fito daga masana'anta. RVI na wancan zamani da tiransiston jamaniyam aka yi su, kuma jamaniyam ba ya shiri da zafi: da ya ɗumama sai ya fara yoyon wuta, tun kafin a kai zafin da silikon zai ko lura. An ƙera su ne don yanayin Ingila. Motar da aka ajiye a rana a Jidda cikin watan Yuli, bayan dashbod ɗinta yana wuce digiri 60 ba tare da wani ƙoƙari ba, ga laimar teku da gishirinta suna cin bakin wayoyi. Za ka iya saita irin wannan mita da safe cikin sanyin warsha ta yi daidai, da azahar ta ƙara maka ɗari uku daga aljihunta. Kayan da suka haura shekara hamsin a wannan yanayi, lallashinsu gyaran gangar auzinawa ne. Ni shawarata a bar fuska, a bar allura da naɗinta da gwangwani, duk abin da ido ke gani, a cire tsohon allon ciki a sa sabo mai jin bolt. A nannaɗe tsohon a leda a ba mai mota ya adana, in ya tashi sayarwa ya haɗa da shi.

Kafin in shiga yadda ake wannan, ga hannunka mai sanda ga masu Ford. Mitocin da Mustang da 'yan'uwanta suka zo da su a shekarun 1960 su ma masu jin gudun wuta ne, a jere suke da wayar da ke ciyar da kwayil. Idan mitar ta yanke a ciki, ko wani ya zare filoginta ya manta, mota ba za ta tashi ba ko za a kwana ana bugawa. Haka RVI take. Duk wanda ya fitar da irin wannan mita daga layi, wajibi ne ya haɗe wayoyin nan biyu da juna.

Mita mai jin bolt ta fi sauƙin kai. Waya ɗaya ce daga ƙafar negatif ta kwayil, a motocin Ingila fara mai ratsin baƙi. Muddin sabon tsarin yana cika kwayil ya saki kamar yadda kwantak ke yi, zaburar nan tana nan, mita za ta ji. Shi ya sa dalkon lantarki na HEI da General Motors ta sa a kusan duk motocinta daga 1975 bai cika ba da wahala ba. A murfinsa akwai baki biyu a rubuce, BAT da TACH, na biyun na mita ne. Abin kiyayewa kawai kada bakin TACH ya taɓa jikin mota, don modul na iya ƙonewa, kuma idan allura tana ɗan rawa a duba ɗan matacin da kamfanin ke sawa a kan wannan waya, wanda masu gyara kan jefar don ba su san amfaninsa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne akwatunan da ke tara wuta a kafasito su watsa wa kwayil, irin MSD 6A da matasan nan ke so. Wannan ba ya cika kwayil a hankali. Yana harba masa sama da bolt 400 kai tsaye, kuma a ƙasa da juyi 3,000 ba sau ɗaya yake harbawa ba, jerin tartsatsi yake saki na tsawon digiri 20 na juyin karanshaf. Mitar da aka bari a jikin kwayil a irin wannan tsari, in ta yi sa'a ta yi ta nuna shirme, in ba ta yi ba ta ƙone. Mai jin gudun wuta kuwa shiru za ta yi, don akwatin daga batir kai tsaye yake shan wutarsa, tsohuwar wayar makulli ta zama ta kunna shi kawai. Akwatin yana da bakinsa na mita, wanda ke fitar da bugu mai tsafta na bolt 12, ɗaya a kowane tashin silinda. Sabuwar mita tana murna da wannan. Tsohuwa da ta saba da tsawar bolt 300, bolt 12 raɗa ce a wurinta.

Maganin raɗa shi ne a ƙirƙiro mata tsawar. Kamfanin yana sayar da adafta don haka, wasu kamfanonin ma suna yi. Mai hannu kuma yana iya haɗawa da kayan da ke cikin kowace warsha. A samo tsohon rile na mota, a fasa, a cire harshen da ke motsi don kada ya yi ta ƙara, a cire dayod ko rezistan da ke gicciye da naɗinsa in akwai, a bar naɗin zalla. Ƙafa ɗaya ta naɗin ta tafi wutar makulli, ɗayar ta tafi wurin tiransisto mai jure bolt 300 ko fiye, wanda raunanan bugun nan zai riƙa kunnawa ta cikin rezista. Duk lokacin da tiransiston ya saki, naɗin rile zai yi irin zaburar da kwayil ke yi, ƙarama dai amma ta isa. A nan ake ɗaura wayar mita. An yi mata ɗan kwayil nata na kanta ke nan, wanda ba ya kunna komai sai ita.

Sauran matsalar ta ƙidaya ce, kuma ita ta fi yawa yanzu da kowa ke zuwa tashlihi, wato kasuwar kayan matattun motoci, ya ɗauko injin LS na General Motors ya dasa a tsohuwar mota. A makon da dattijon ya zo akwai Camaro ƙirar 1979 a ɗaya ramin, an sa mata irin wannan inji, mai ita yana alfahari wai motarsa tana sulo a 300. Ba injin da ke haka. Kwamfutar LS, duk da silinda 8 take kula da su, bugu 2 take fitarwa a kowane juyi, irin na mai silinda 4. Mitar Camaro tana jiran 4, don haka rabin gaskiya take faɗa: 600 ya zama 300, 4,000 ya zama 2,000. Wannan ya fi allura mai rawa haɗari, don mai rawa kowa ya san ƙarya take, wannan kuwa a natse take shararawa. Ana gyarawa ta cikin manhajar kwamfutar a lokacin saiti, ko da ɗan akwatin da ke ninka bugu, ko a sake saita mitar kanta. Wasu daga cikin kwamfutocin nan kuma ba sa fitar da wuta a wayar mita, jan ta ƙasa kawai suke yi su saki, sai an sa rezista mai om 680 zuwa 1,000 tsakanin wayar da wutar makulli kafin a ga bugu.

Kada kuma a ce za a ɗauka daga kwayil ɗaya a injin da kowace filogi ke da nata. Wannan kwayil sau ɗaya yake tashi a juyi biyu, mitar silinda 8 za ta nuna kashi ɗaya cikin takwas. A tsarin da kwayil ɗaya ke ciyar da filogi biyu, bugu ɗaya ne a juyi, kuma ana iya tara su: dayod 1N4007 daga negatif ɗin kowane kwayil, a haɗe bakunansu, a bi da su ta dayod zina mai bolt 15 zuwa 18 don zaburar kaɗai ta wuce. Wannan dabara ba ta aiki a kwayil masu tiransisto a cikinsu irin na LS, don ƙafar da ke zabura a rufe take a ciki.

Mu koma kan teburin aiki da mitar dattijon. Zoben da ke riƙe gilashin gaban RVI juya shi ake yi har haƙoransa su zo daidai da gibi, gilashi ya fita, sukurori biyu na baya su saki kayan ciki. Ban cire allura ba, kuma ba na son a cire in ba dole, don sandarta siririya ce ƙwarai, sifirin ɗin kuma in ya lanƙwashe an shiga uku. Ba a goge fuskar da tina ko fetur, rubutun zai bi tsumma. Wayoyi biyu ne ke zuwa naɗin allura, su ake warewa daga tsohon allo da ayon mai ɗan zafi, a mayar kan sabo.

Sabon allon ana sayar da shi a haɗe, akwai ƙananan kamfanoni a Ingila da ke yin sa musamman don Smiths. Ana kuma iya ginawa a kan aisi ɗaya, wato ɗan ƙwayar lantarki mai da'ira a haɗe a ciki. LM2917 an yi shi ne takanas don mayar da saurin bugu zuwa ƙarfin wuta, ya ninka in bugu ya ninka. Tsohon 555 ma, wanda ke kasuwa tun 1972, yana yin aikin mai ludayi tsaf. Wanda zai bi ta 555 ya lura da tsawon ludayin. Fuskar MGB tana ƙarewa a 7,000, wato bugu 233 a sakan, tazarar da ke tsakanin bugu biyu ta ɗan haura kashi 4 cikin dubu na sakan. Dole ludayin ya gama zuba kafin wannan, in ba haka ba zai riƙa tsallake bugu allura ta faɗi rabi a saman gudu. Kuma kada ya gajarce sosai, don a lokacin da yake zubawa ne yake toshe kunne daga rawar da ke bin bayan tartsatsi. Tsakanin kashi 2 da 3 cikin dubu yana yi wa silinda 4. Ga silinda 8 a juyi 6,000 tazarar gaba ɗaya kashi 2.5 cikin dubu ce, sai an rage. A bakin shiga a sa rezista babba da dayod zina su tare zaburar kwayil, wutar allon kuma a daidaita ta don kada allura ta riƙa hawa da sauka tare da cajin altaneta. Motocin Ingila na kafin 1967 da yawa fozitif ne a jikin mota, a tabbatar da wannan kafin a ɗaura komai.

Saiti shi ne inda zama a Saudiyya ya ba mu wata kyauta da kuma wani tarko. Wutar gida a nan tana kaɗawa sau 60 a sakan, ba ta kuskure. Idan ka sami ƙaramar taransifoma mai sauke ta zuwa bolt 12, ka ba sabon allon ta cikin rezista, ka sami inji na ƙarya mai bugu 60 a sakan daidai. Ga mitar silinda 4 wannan juyi 1,800 ne, ga silinda 6 juyi 1,200, ga silinda 8 juyi 900. Idan ka bi da ita ta gadar dayod huɗu ba tare da kafasito ba, bugun ya zama 120, ka sami wuri na biyu: 3,600 da 2,400 da 1,800. Sai ka juya rezistan saiti har allura ta hau kan lambar. Ba a kai wutar soket kai tsaye kusa da mita, wannan ba sai an faɗa ba, amma na faɗa.

Tarkon kuwa ni na fara faɗawa cikinsa. A Najeriya da Nijar da Sudan wutar sau 50 take kaɗawa, kuma duk wanda ya koyi aikin nan a gida ya haddace 1,500 ga silinda 4 kamar karatun allo. Shekarata ta farko a Jidda na saita wata mita a kan 1,500 da wutar nan, na rufe, na karɓi kuɗina. Duk abin da ta nuna daga ranar kashi biyar cikin shida ne na gaskiya. Allura tana kan 5,000 inji yana 6,000, daidai bakin ja, mai mota yana ganin da sauran fili. Allah ya taimake ni maigidana na lokacin ya ɗora fitilar taimin mai nuna juyi a kan motar kafin ta fita, ya dube ni ya ce, "Kai yaro, nan ba Kano ba ce." Tun daga ranar ba na sakin mita sai na gwada ta a wuri biyu a kan tebur, sannan na gwada ta da wani abin awo a jikin mota. Idan ta yi daidai a 1,800 ta kauce a 3,600, matsalar ba ta allo ba ce, sifirin ne ko datti a sandar allura, ko maganaɗisun ya yi rauni.

Ta dattijon ta hau 1,800 ta hau 3,600 ba gardama. Muka haɗe fararen wayoyin biyu a bayan dashbod da maɗauri mai kyau, muka ja sabuwar waya daga negatif ɗin kwayil nesa da wayoyin filogi, muka kankare tsatsar da ke wurin da baƙar wayar mita ke kama jikin mota, wadda ita kaɗai ma tana iya sa allura rawa a garin nan. Bayan isha'i, da hanya ta yi sauƙi, muka hau titin Madina ni da shi. MGB a giya ta huɗu, da tayoyi masu girman asali, tana yin kusan kilomita 29 a awa a kowane juyi dubu. Na ce ya riƙe allura a kan 3,000, na buɗe taswirar wayata ina kallon gudun. Ta nuna 86, ta nuna 87. Ya ce ranar Juma'a zai hau da ita Ɗa'if ta hanyar Hada, inda a kowace kwana sai mutum ya san ko giya ta biyu zai zauna ko ta uku, ya tambaye ni ko in duba masa lagireto kafin nan. Na ce ya kawo ta Laraba da safe.